Kafin Wuta Ta Dawo

Ɗorayi, Kano
Juma'a, ana gab da Babbar Sallah

Zuwa ga Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da su Rumaisa da Mubarak da duk mutanen Ringim. Gwaggo Aina'u tana gaishe ki. Ta ce daddawar da kika aiko ta ƙare tuni, wai ko kin ɗauka ba ma miya a Kano.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda. Wayarki kullum a hannun yara take, in kuma na same ki sai kin buɗe murya duk tsakar gida na ji. Maganar nan kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Na ba mijinki Yaya Idi ya kawo miki, na manne bakin ambulan, na kuma san ba zai buɗe ba, duk da a kansa take.

Kin sha yi min tsiya cewa aikina a kamfanin fata shi ne zama a ofis mai sanyi ina neman laifin kwamfuta. To, kusan haka ne. In an kawo sabuwar manhaja, wato tsarin da ke gaya wa inji abin da zai yi, ni ce nake gwada ta kafin a sakar mata aiki. Ina danna abin da bai kamata a danna ba, ina zare waya ana tsakiyar aiki, in ga me za ta yi. In za ta yi shirme, gara ta yi shi a gabana.

Ba ki taɓa shiga inda mijinki yake aiki ba, bari in kwatanta miki. Wani dogon zaure ne a Challawa, da gangunan katako a jere, kowace ta kusa girman ɗakinki. A ciki ake zuba fatu da ruwan magani, ganga ta yi ta juyawa tana dukansu. Akwai turaku a cikinta, fatu sukan nannaɗe a jikinsu su ƙulle. Ado, shugaban zauren, ba ya yarda a tsayar da ganga don a warware su, sai ya ce ana ɓata lokaci. Shi ne ma'aikata suka samo tasu dabarar. Da zarar an ɗauke wuta, kafin mai janareta ya tayar da nasa, sai a buɗe ƙofar ganga, a kafa tsani, mutum ɗaya ya shiga ya warware fatun da hannu. Yaya Idi ya fi kowa shiga, saboda ba shi da jiki.

Shekara da shekaru ana haka lafiya lau, don tsohon injin ko wuta ta dawo ba ya motsi sai an danna masa koren maɓalli. Kafin kuma a danna, sai Ado ya ɗauki wata sanda ya bubbuga jikin gangar, ya ce, "Da mutum?" In ya ji shiru ya leƙa, sannan ya danna.

Yanzu kamfani ya sayo sabuwar manhaja da za ta riƙa tafiyar da gangunan. Shekaranjiya ɗan kwangilar da ya kawo ta ya zo ya nuna mana ita a ofishin manaja, Alhaji Lawal. Yana cikin yabonta sai ya ce, "Ko an ɗauke wuta, da ta dawo za ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba sai an jira kowa ba." Duk aka yi ta gyaɗa kai ana murmushi. Ni kuwa, Yaya, sai na ɗaga hannu. Na ce masa, in ƙofar ganga a buɗe take fa? Ya ce akwai ɗan makunni a bakin kowace ƙofa da ke sanar da kwamfuta, ba za ta tashi ba.

Ana tashi na sauka zauren na duba makunnan. Ruwan magani ya cinye su, sun yi tsatsa. Wasu ma an ɗaɗɗaure su da waya tun bara, don suna tsayar da ganga babu dalili. Makunnin da aka ɗaure kuwa kullum cewa yake ƙofa a rufe take.

Ban ce ganga za ta tashi da mutum a ciki ba. Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ya hana ni cin abinci. Ni na yi wa Yaya Idi hanyar aikin nan, kina gani. Bayan Sallah za a kunna sabon tsarin. Yau zan rubuta wa Alhaji in roƙe shi ya bar ni in gwada. Ke kuma ki lallaɓa mijinki, ki ce masa ko an ɗauke wuta kada ya shiga. Ni in na faɗa dariya yake yi min.

Ki sa ni a addu'a. A shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Badi'a

* * *

Sashen Kwamfuta
Juma'a

Zuwa ga Janar Manaja, Alhaji Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izininku a kan sabuwar manhajar ganguna.

Abin da aka nuna mana a ofishinku a kan kwamfutar ɗan kwangila aka nuna shi, babu ganga ko ɗaya a haɗe. Ya nuna cewa manhajar tana aiki in komai yana daidai. Abin da ba mu gani ba shi ne yadda za ta yi a zaurenmu, da tsofaffin gangunanmu, a lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo kuma ƙofa tana buɗe.

Wataƙila ba a sanar da ku ba, amma ma'aikata suna shiga cikin ganguna a daidai wannan lokacin don warware fatu. Makunnan ƙofa da aka dogara da su sun lalace, wasu an ɗaure su da waya. Na gani da idona.

Roƙona yini ɗaya ne. Mu kashe wutar zauren da gangan, mu buɗe ƙofofi, mu sa buhun ɓatattun fatu a madadin mutum, mu mayar da wuta, mu bi ganguna ɗaya bayan ɗaya. In ba wadda ta motsa, zan sa hannu da farin ciki, ku ma ku samu kwanciyar hankali. In wata ta motsa, buhu ne ya ji jiki.

Na san lokaci ya ƙure, na kuma san abin da tsayar da zaure yake nufi a irin wannan wata. Sai dai ko mun gwada ko ba mu gwada ba, ranar da aka fara ɗauke wuta manhajar za ta nuna halinta, kuma ranar akwai mutum a ciki.

Allah ya ƙara girma, ya yi muku jagora.

Mai biyayya,
Badi'a Sadiq
Jami'ar gwajin manhaja

* * *

Ofishin Janar Manaja
Asabar

Malama Badi'a,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta da kyau, na kuma yaba da ƙwazonki.

Ke sabuwa ce a sana'ar fata, don haka bari in faɗa miki yadda take. Daga ranar Sallah motoci za su fara shigo mana da fatun layya daga ko'ina. Gishiri yana riƙe fata na ɗan lokaci ne kawai, a zafin nan kuwa ba ya daɗewa. In ganguna suka tsaya yini ɗaya, layin motoci zai kai titi, abin da ke ƙasan tari kuma zai ruɓe. Don wannan kakar aka sayo manhajar, ba zan kuma tsayar da zaure a bakinta ba.

Na kira ɗan kwangila a gabana. Ya tabbatar min sun kafa irinta a masana'antu a Sharaɗa da Bompai, ba a taɓa samun matsala ba. Sun ba mu shaida a rubuce. Mutanen nan sana'arsu ke nan, kamfani kuma bai biya su don mu zo mu maimaita aikinsu ba.

Maganar shiga ganga, ban taɓa ba da izininta ba. Na sa a manna sanarwa cewa an hana. Makunnai kuma na ce wa sashen gyara su duba su in an samu sarari.

In kaka ta wuce, ki zo mu zauna, in ba ki yini biyu ma in kina so. Kafin nan ki kwantar da hankalinki. Ni kaina na tabbata babu haɗari.

Allah ya sa mu yi Sallah lafiya. A gai da mutanen gida.

Alhaji Lawal

* * *

Ringim
Kashegarin Sallah

'Yar kwamfuta,

Wa alaikis salam. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ki ce wa Gwaggo ga soyayyen nama nan a leda, ga daddawarta, ta daina kai ƙarata. Nata ne, kada ki cinye a ɗaki ki ce ɓera ne, na san halinki tun kina yarinya.

Badi'a, kin ɓata min Sallah, Allah ya yafe miki. Na karanta takardarki a tsaye a madafa. Shi kuwa ɗan aiken yana zaune a tabarma yana fifita da hula, yana tambaya wai me 'yar boko ta rubuto haka mai tsawo. Na ce gulmar dangi ce.

Na lallaɓa shi kamar yadda kika ce. Na bari ya ci ya ƙoshi, na kawo zancen ta nesa, na ce na yi mummunan mafarki. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Uwani, gangar nan na fi sanin cikinta a kan ɗakin nan. Kuma ai Ado yana bugawa kafin ya danna." Na ce an ce sabon injin ba ya jiran Ado. Sai ya gane daga inda maganar ta fito, ya ce, "Ƙanwarki ce ko? Ita komai tsoro. Rannan ma ƙadangare ta gani a bakin ofis ta yi ihu."

Da lallashi ya ƙi ci sai na koma faɗa. Na ce masa ba zai koma Kano ba sai an gama kakar. Na ɗauke katinsa na shiga kamfani na tura cikin tukunyar gari. Ya nema bai gani ba, ya zauna. Can sai ya ce, "To, na zauna. Kin san wa zai shiga in ba ni? Sagir. Kin san Sagir, ƙato ne, sai ya yi da gaske yake fitowa ta ƙofar nan. Matarsa wata bakwai gare ta." Ni da hannuna na tono katin na kaɗe masa garin.

Kin san ni ba mai kuka ba ce, ko ranar da aka kai ni ban yi ba, har ana cewa ba ni da kunya. Amma da na gan shi yana ɗaure jakarsa yau da safe sai na shige banɗaki na yi mai isata. Ya yi min alkawari zai yi hankali. Wane hankali mutum zai yi a cikin abin da ba shi da birki?

Ke ce a kusa. Ke kika yi karatun, ke kika san bakin da ake yi wa manya magana. Ki koma wa manajan nan, ki durƙusa in ta kama. In kuma durƙuson bai yi ba, ki tuna ke 'yar gidanmu ce, ba a san mu da sanyin baki ba.

Rumaisa ta ce a gaya wa Anti kitson Sallarta ya fi na kowa. Sai na ji daga gare ki.

Yayarki,
Uwani

* * *

Ɗorayi
Laraba

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, Gwaggo ta gode, ta kuma kulle naman a ɗakinta saboda sharrin da kika yi min. Wannan takardar Labaran direba zai kawo miki, don Yaya Idi ba zai samu zuwa gida ba a makon nan.

An kunna sabon tsarin ranar Litinin. Ba a gwada ba.

Da kin ga Challawa yanzu. Motocin fata tun daga bakin titi, ƙudaje kamar an zuba, wari har cikin hijabi yake bin mutum gida. Alhaji bai yi ƙarya ba, aikin ya fi ƙarfin kowa. Ganguna suna juyawa ba tsayawa, manhajar kuma tana aiki sumul, kowa sai yabonta yake. In na wuce sai in ji ana cewa, "Ga mai jiran ɓarna nan."

Sanarwar da Alhaji ya ce a manna, an manna ta. Da Turanci aka buga ta, aka liƙa a ƙofar ofishin biyan albashi, can nesa da zaure. Rabin mutanen zauren daga ƙauyukan Jigawa da Nijar suke, ajami suka iya. Na je da kaina na tara su lokacin cin abinci na yi musu bayani. Sun saurare ni da ladabi, wani dattijo har ya sa min albarka. Ina juya baya Ado ya ce, "Malama, fatun da suka ƙulle wa zai warware? In suka yage ni za a kira, ba ke ba."

Na kira ɗan kwangila na tambaye shi kai tsaye, in makunnin ƙofa a ɗaure yake, kuma da mutum a ciki, me zai faru? Ya ce, "Mutum a cikin ganga? Me zai kai mutum cikin ganga?" Yaya, bai ma san ana shiga ba. Masana'antun da ya kafa wa a Sharaɗa da Bompai na roba ne da na lemo, ba wanda yake shiga cikin injinsu. Na roƙe shi ya faɗa wa Alhaji haka, ya ce shi an riga an sa masa hannu a takardar kammala aiki.

Tun Litinin ba a ɗauke wuta ba. Ban taɓa roƙon Allah a kan wutar lantarki irin na makon nan ba, har a sujada. Ina zaune a ofis idona na kan ƙwan fitila. Jiya da hantsi ya yi ƙifta ya mutu. Ban san lokacin da na fita ba, ba takalmi, na sauka bene da gudu ina kiran sunan Yaya Idi. Na iso zaure na tarar da komai na juyawa yadda yake. Ashe ƙwan ofishina ne kawai ya ƙone. Aka yi ta dariya, shi ma ya yi, amma da ya ga fuskata sai ya daina.

Kin ce in durƙusa. Na je ofishin Alhaji na durƙusa, ya ce in tashi, ya riga ya ba ni amsa a rubuce. Saura ɗayan da kika ce. Zan rubuta masa wata takardar yau, irin wadda ba a rubuta wa manya. Kada ki gaya wa Gwaggo.

Ki ci gaba da addu'a kada a ɗauke.

Taki,
Badi'a

* * *

Sashen Kwamfuta
Laraba

Zuwa ga Alhaji Lawal,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ku gafarce ni tun kafin ku karanta. Kun haife ni, kuma ba a yi min tarbiyyar yi wa babba irin wannan magana ba.

A takardarku kun rubuta cewa ku da kanku kun tabbata babu haɗari. Ni ban tabbata ba, ɗan kwangila ma da na matsa shi bai tabbata ba. Ku kaɗai ne kuka tabbata a duk kamfanin nan.

Sanarwa ba ta hana kowa shiga ba, kuma ba za ta hana ba, tunda fatu ba su daina ƙullewa ba. Ranar da aka ɗauke wuta wani zai hau tsani ya shiga ganga ta uku. Sunansa Idi, mijin yayata ne, yana da 'ya'ya biyu a Ringim. Bai karanta shaidar ɗan kwangila ba. Da maganarku zai shiga.

Saboda haka ga roƙona, tunda yini ɗaya ya gagara. In an ɗauke wuta, ku sauko zaure, ku ce masa ya dakata, ku shiga a madadinsa, ku zauna a ciki har janareta ya tashi. In kun yi haka, na yi alkawari ba zan ƙara ɗaga maganar gwaji ba har in bar kamfanin nan. In kuwa kun ga ba za ku iya ba, ina roƙonku don Allah ku tambayi kanku dalili.

Na san abin da takardar nan za ta iya jawo min. Allah ya huci zuciyarku.

Badi'a Sadiq

* * *

Ofishin Janar Manaja
Alhamis

Malama Badi'a,

Salam. Na ga takardarki. Shekaruna a sana'ar nan sun fi shekarunki a duniya, ba a kuma taɓa rubuto min irinta ba.

Ki miƙa makullin ofis ga sakatare, ki zauna a gida har sai an neme ki. Ba don na san mahaifinki ba, Allah ya jiƙansa, da ba wannan takardar za ki karɓa ba.

Allah ya shirye ki.

Alhaji Lawal

* * *

Ringim
Lahadi

Badi'a ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da yadda na yi miki a waya jiya. Na ce miki Baban Mubarak yana raye, ya iso gida, sai kuka ya ci ƙarfina na kashe. Kin yi ta kiransa bai ɗauka ba saboda a can ya baro wayar, da takalminsa na aiki a ƙafa ya hau mota. Yanzu na ɗan dawo hayyacina, bari in ba ki labarin yadda na tattaro shi daga bakinsa, don a gutsure yake ba ni.

Jiya Asabar, wajen azahar, aka ɗauke wuta. Kin sani, tunda kin ce har Ɗorayi ta ɗauke. Ganguna suka tsaya. Ya ce wallahi ya tuna da ke, ya tuna da ni, amma Ado na ta ihu a yi sauri, Sagir kuma ya fara naɗe wando. Sai ya riga shi ɗaukar tsani. Ya buɗe ƙofar ganga ta uku, ya hau, har ya zura kai da kafaɗa, sai ya ji an ce, "Kai, sauko."

Manajanku ne. Ya ce bai taɓa ganinsa a zauren ba in ba da baƙi ba. Ga shi cikin farar babbar riga, fuska a murtuke, da wata takarda a dunƙule a hannu. Ya ce, "Kai ne Idi?" Ya ce shi ne. Ya ce, "Sauko, ni zan shiga."

Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa wani. Mutanen da suka buɗe sauran ganguna duk suka bar abin da suke yi suka taho kallo, don wa ya taɓa ganin manaja a kan tsani? Ado yana cewa, "Ranka ya daɗe, wari ne, a bar wa yara," bai ko kalle shi ba. Ya hau a hankali har ya kai bakin ƙofa, ya zura kai ciki.

Daga nan bai ƙara gaba ba. Baban Mubarak yana riƙe masa tsanin. Ya ɗaga ƙafa ɗaya zai sa ciki, ya mayar. Ya sake ɗagawa, ya mayar. Kowa ya sunkuyar da kai don kunya, shi kuma bai shiga ba, bai sauko ba. Suna nan a haka aka ji janareta ya yi tari daga baya.

Sai ya ja da baya da sauri. Hularsa ta maƙale a bakin ƙofa ta faɗa ciki. Ya miƙa hannu zai ɗauko, sai ya fasa. Ya sauko taki ɗaya ke nan fitilu suka kama.

Badi'a, gangar ta juya. Ba wanda ya taɓa komai. Da ƙofarta a buɗe ta juya, ta ɗebi tsanin ta karya shi kamar kara, ta watsar da Alhajin cikin ruwan fata a ƙasa. Wasu gangunan ma suka tashi, ƙofofi na ta bugawa, fatu na zubowa. Da a ce mutanen ba su taho kallo ba, da kowace akwai wanda ke ciki. Wani ne ya ruga ya kashe babban makunni. Da komai ya tsaya, Baban Mubarak ya ce ya waiga ya ga Ado tsaye da sandarsa a hannu, wadda yake bugawa ya ce da mutum, bakinsa a buɗe.

Alhajin bai ji ciwo sosai ba, gwiwar hannu ce ta ɗan fashe. Aka zo ɗaga shi ya ce a bar shi. Ya daɗe zaune a cikin ruwan nan yana kallon gangar. Da ya tashi, abin da ya fara cewa shi ne a ƙirga mutane.

Mutuminki tun jiya ko ruwa sai na matsa yake sha. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallon hannuwansa, jim kaɗan ya ce, "Uwani, ni ne fa a ciki." In ce masa ba kai ba ne, ga ka nan. Yara sun rasa me ya samu babansu. Ni ma in na rufe ido tsanin nan nake gani.

Na ce masa ya gama aikin fata har abada. Ya ce a'a, zai koma, amma ba zai ƙara taka zauren nan ba sai ranar da ke da bakinki kika ce masa kin gwada. Ya ce kuma in ba ki haƙuri a kan maganar ƙadangare.

Ban san ko za su mayar da ke ba. In sun kore ki, ki taho gida, tuwon da zan ci shi za ki ci. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan Baba da ya sa ki a makaranta muna yi masa gunaguni.

Yayarki,
Uwani

* * *

Ofishin Janar Manaja
Litinin

Malama Badi'a,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida.

Ganguna suna tsaye tun Asabar. Motoci sun kai titi, fatu sun fara wari, masu kamfani suna ta kira. Na ce musu ba za a kunna ko ɗaya ba sai kin sa hannu. Makullinki yana wurin sakatare. Ki ɗauki kwanakin da kike buƙata, ɗan kwangila da mutanen gyara suna jiranki.

Abin da ke cikin ledar nan hulata ce, yadda aka ciro ta daga ganga ta uku. Ki ajiye ta a ofishinki. Duk ranar da na sake ce miki babu lokaci, kada ki rubuto min komai, ki kawo ta ki ɗora min a kan tebur.

Ki gai da Idi. Ki ce masa ban iya shiga ba.

Wassalam,
Lawal